Wa Ke Riƙe Da Agogo? Yadda Ake Tsayar Da Lokacin Wasan Dare A Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A watan Mayun 2025 wani ɗan majalisar dokokin jihar Ohio da ke Amurka ya gabatar da wani ƙuduri da duk wanda ya ji sai ya yi dariya tukuna. So yake a yi dokar da za ta hana a take manyan wasannin ƙwallon jami'ar Ohio State da ƙarfe 12 na rana, har da tarar dala miliyan 10 idan aka saɓa. Wato lokacin buga ƙwallon ɗalibai ya kai sai an shiga zauren majalisa a kansa.

To amma jama'a, idan mutum ya bi zaren maganar zai ga ba abin dariya ba ne. Jami'ar ce ke da filin, ita ke da 'yan wasan, magoya bayanta ne ke sayen tikiti. Duk da haka ba ta da ikon cewa ga ƙarfe nawa za a fara wasa a gidanta. Ta sayar da wannan ikon tuntuni, ta karɓi kuɗinta, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Wannan shi ne abin da za mu duba yau: wa ke yanke cewa wannan wasan na dare ne wancan na rana, ta yaya ake yankewa, kuma wa ke ɗaukar wahalar.

Wace ƙwallo ake magana a kai?

Kada wani ya ɗauka irin tamu ce ta su Arsenal da Barcelona. Wannan ita ce zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa, a rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita. Ƙwararru na buga tasu a gasar NFL, galibi ranar Lahadi. Ranar Asabar kuma ta jami'o'i ce, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba.

Da ka ji an ce wasan ɗalibai sai ka zaci ɗan ƙaramin abu ne. Ina! Filin jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da dubu 107. Na Penn State sama da dubu 106. Na Ohio State da na LSU duk sun haura dubu 100. Kowace jami'a wasa 12 kacal take yi a kaka kafin wasannin ƙarshe, kusan shida zuwa takwas ne a gida. Saboda haka kowace Asabar ta gida tamkar ranar babbar kasuwa ce ga garin da jami'ar take: otal-otal su cika, masu abinci su yi ciniki, mutane su taso daga tafiyar awa huɗu ko biyar.

Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni. Manyan rukunai huɗu a yanzu su ne Big Ten mai jami'a 18, SEC mai 16, Big 12 mai 16, sai ACC mai 17 a wannan ƙwallon. Rukuni ne ke tattara wasannin jami'o'insa ya sayar wa gidajen talabijin a dunƙule, sannan a raba kuɗin. Kamar dai a haɗa kaya a hannun dillali guda ya shiga kasuwa da su.

Inda abin ya samo asali

Da can ba haka ake yi ba. Tun farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ita kaɗai ke sayar da damar nuna wasanni, kuma ta ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Tsoronta shi ne idan aka cika nuna wasa a talabijin mutane za su daina zuwa fili. A wancan zamanin yawancin wasanni da rana ake yi, jami'a ta tsayar da lokacinta ta buga a jikin tikiti, shi ke nan.

Sai jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, suna cewa an tauye musu ciniki. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya, alƙalai bakwai a kan biyu. Daga nan ƙofa ta buɗe, kowane rukuni ya samu damar yin nasa cinikin. Tashoshi irin su ESPN, waɗanda ke neman abin da za su cike awa 24 da shi, suka shigo da kuɗi. Sai dai tasha ba za ta biya maƙudan kuɗi ba sannan a buga mata duk wasannin a lokaci guda. Tana son wasa ya ƙare wani ya ɗauka, tun daga tsakar rana har tsakar dare. Abin da ta saya ke nan: wasan, da kuma ikon sa shi a lokacin da ta ga dama.

Asabar mai gurbi huɗu

Yau an yanka ranar Asabar gida huɗu, kuma da agogon gabashin Amurka ake lissafi, wato agogon New York. Gurbin farko ƙarfe 12 na rana. Na biyu wajen 3:30 na yamma. Na uku wajen 7 zuwa 8 na dare, lokacin da iyali suka taru a gaban talabijin. Na huɗu wajen 10:30 na dare. Agogon wasan minti 60 ne, amma da tsayawa da hutu da tallace-tallace sai ya ci fiye da awa uku, shi ya sa tazarar gurabun ta zama haka.

Ga mai son lissafi da agogonmu na Najeriya: a Satumba da Oktoba mun riga New York da awa biyar, daga farkon Nuwamba idan suka mayar da agogonsu baya ya koma awa shida. Ka ga wasan 12 na rana ya zama 5 na yamma a Legas ko Ibadan. Na 7:30 na dare ya zama 12:30 na dare. Na ƙarshen kuwa 3:30 na asubahin Lahadi.

Akwai kuma abin da ya kamata a riƙe, don shi ne tushen rabin rigimar. Amurka ƙasa ce mai faɗi, tsakanin New York da Los Angeles akwai bambancin awa uku. Idan ƙarfe 12 ta yi a gabas, ƙarfe 11 ce a tsakiyar ƙasar kamar Texas da Oklahoma, ƙarfe 9 na safe ce a Kalifoniya. Idan 10:30 na dare ta yi a gabas, a Kalifoniya 7:30 ce, yanzu aka gama cin abincin dare.

Yadda ake rabon

A ɗauki Big Ten misali. A 2022 rukunin ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da tashoshin Fox da CBS da NBC, wadda aka ruwaito ta haura dala biliyan 7, ta fara aiki a 2023. Kowace tasha da gurbinta: Fox ta ɗauki 12 na rana, CBS ta ɗauki 3:30, NBC ta ɗauki na dare wajen 7:30.

Kafin kaka ta fara, tashoshin uku kan zauna su yi zaɓe bi da bi. Abin da suke zaɓa shi ne makonni: wannan ta ce ni ce mai zaɓen farko a mako kaza, waccan ta ce ni kuma mako kaza. Fox ce ke fara ɗauka, kuma makon da Ohio State ke haɗuwa da Michigan take fara kamawa. Idan makon ya matso, mai zaɓen farko ta ɗauki wasan da ya fi maiƙo, ta biyu ta ɗauki na biye, haka har a gama. Ragowar su tafi ƙananan tashoshi ko manhajar intanet irin Peacock.

Ma'anar wannan a fili take. Wasa na zama na dare ne saboda tashar da ke da gurbin dare ce ta ɗauke shi. Idan tashar rana ce ta riga ta, ya zama na rana, ko da duk ƙasar shi take jira.

Sai batun sanarwa. Lokutan makonni ukun farko da wasu 'yan wasanni na musamman ana faɗarsu tun wajen ƙarshen Mayu. Sauran kuwa, ƙa'idar ita ce a sanar kwana 12 kafin wasa. Kuma tashoshi na da damar, sau 'yan kaɗan a kaka, su ce a dakata sai saura kwana shida. Dalili? Suna so su ga sakamakon wannan Asabar ɗin kafin su san wasan da zai yi kasuwa a Asabar mai zuwa. Ƙungiyar da ta ci wasa bakwai a jere darajarta daban, idan ta faɗi jiya farashinta ya sauka yau.

Yanzu ka sa kanka a takalmin mutumin da ya sayi tikitin kaka gaba ɗaya tun watan Maris, gidansa tafiyar awa huɗu ne daga fili. Ranar Lahadi ne zai ji ko wasan Asabar na safe ne ko na dare. Idan na 11 na safe ne, sai ya yi sammako tun duhu. Idan na dare ne, za a tashi wajen 11, ko ya kama ɗaki a otal da farashinsa ya riga ya haura, ko ya kwana yana tuƙi da yara a mota. Haka 'yan sanda, masu gadi, masu shara da masu sayar da abinci, duk jiran sanarwar suke kafin su tsara aikinsu.

Inda dare ya zama sarauta

A wasu wuraren wasan dare abin alfahari ne. Jami'ar LSU da ke Baton Rouge a jihar Louisiana ta fara wasan dare tun 1931, don kauce wa zafin rana da kuma ba ma'aikata damar zuwa bayan sun tashi aiki. Yau daren Asabar a filinsu ya zama al'adar gari, har baƙi na tsoron zuwa saboda ihu. Idan aka sa musu wasa da 11 na safe, ji suke kamar an ci musu fuska.

A kudancin Amurka akwai dalilin lafiya ma. Satumba a can zafi ne mai dafa mutum. A 2019 shugaban jami'ar Alabama da daraktan wasanninta sai da suka fitar da sanarwa a rubuce suna ƙorafin yawan wasannin rana da ake sa musu a Satumba. Alabama fa, wadda a lokacin ba a yi kamarta a fagen ba. Ita ma ƙorafi kawai ta iya yi.

Ga masu horarwa, wasan dare hanya ce ta jan hankalin yara 'yan sakandare da ake zawarcinsu. Yaro ya buga nasa wasan daren Juma'a, ya samu isasshen lokaci ya taho da iyayensa, ya shiga fili cike da fitilu da kiɗa, ya ga duk ƙasa na kallo. Wasan 12 na rana ba ya ba da wannan. Penn State na da wani biki da ake ce wa White Out, inda mutum sama da dubu 100 ke sa fararen kaya, kuma da dare abin ya fi armashi. A 2024 babban wasansu na gida shi ne da Ohio State, ranar 2 ga Nuwamba, amma Fox ta ɗauke shi ta sa shi 12 na rana. Dole suka kai bikin fararen kayan mako na gaba, a wasansu da Washington.

To me ya sa Fox ke yin haka? Lissafi ne. Da dare tashoshi da yawa na kokawar masu kallo. Da tsakar rana kuwa fili a buɗe yake, don da can wasannin da ba su da kasuwa ake jefawa a wurin. A 2019 Fox ta yanke shawarar kai babban wasanta na mako wannan gurbin, ta kira shi Big Noon Saturday, kuma abin ya karɓe ta. Wasan Ohio State da Michigan na 2023, da tsakar rana, mutum kusan miliyan 19 ne suka kalla. Duk wanda ya ga wannan adadin ba zai saurari kukan masu tikiti ba.

Ohio State ce ta fi shan wannan, saboda ita ce hajar da ta fi tsada. A 2024 wasanninta shida na ƙarshen kaka a jere duk 12 na rana aka yi su. A 2025 ta so a mayar da wasanta na buɗe kaka da Texas zuwa daren Lahadi, Texas ta ce ba ta yarda ba, aka buga shi 12 na ranar Asabar 30 ga Agusta. A wannan yanayin ne ƙudurin majalisar da muka fara da shi ya fito.

Oklahoma ma ta ɗanɗana. A 2021 ta shirya karɓar Nebraska don cika shekara 50 da wani shahararren wasa da suka yi a 1971. Aka sa shi 11 na safe agogon garinsu. Daraktan wasanninta, Joe Castiglione, ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Bayan 'yan makonni labari ya fito cewa Oklahoma da Texas za su bar Big 12 su koma SEC. Kuɗi ne babban dalilin tafiyar, wannan ba a musu, amma rigimar agogo ta ƙara zuba fetur. Abin lura, Oklahoma ɗin nan ita ce ta kai ƙarar 1984 da ta buɗe wa talabijin ƙofa.

Inda dare ya zama wahala

Sai mu juya arewa, yankin Big Ten na asali, inda Nuwamba ke zuwa da sanyi mai ratsa ƙashi, wani lokaci har da ƙanƙara. Jami'ar Michigan ba ta taɓa yin wasan dare a filinta ba sai ranar 10 ga Satumban 2011, da Notre Dame. Kuma an daɗe a rukunin ana bin al'adar cewa ba a tilasta wa jami'a wasan dare idan Nuwamba ta yi nisa.

Da aka sayar wa NBC gurbin dare na kowane mako, sai rigima ta tashi. A Mayun 2023 ESPN ta ruwaito cewa manyan jami'o'i irin su Michigan da Ohio State da Penn State na jan ƙafa a kan wasan daren Nuwamba, alhali NBC ta biya ne da tunanin za ta samu manyan sunaye har ƙarshen kaka. Kevin Warren, shugaban rukunin da ya ƙulla cinikin, ya riga ya bar kujerar, sabon shugaba Tony Petitti ne ya gaji ɗinkin ɓarakar. Daga ƙarshe Ohio State ta karɓi Michigan State da dare ranar 11 ga Nuwamba. Ita kuma Michigan State ta ɗauke wasanta na gida da Penn State ta kai shi wani rufaffen fili a birnin Detroit, aka buga daren Juma'a. Ɗalibanta da 'yan kasuwar garinta suka rasa wasan gida guda sukutum. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ƙananan rukunai nasu ya fi haka. Rukunin MAC, wanda jami'o'insa ke yankin Ohio da Michigan da kewaye, ya san ba zai iya gogayya da manya ranar Asabar ba. Sai ya yarda a Nuwamba ya riƙa buga wasanni daren Talata da Laraba don ESPN ta nuna. Sun samu suna a faɗin ƙasa, sun samu ɗan abin da suka samu. Amma kamara na nuna kujeru wayam, don ba kowa ne zai fito cikin sanyi a tsakiyar mako ba alhali gobe akwai aiki da makaranta.

Daren Juma'a ma an shige shi. A Amurka wannan daren na ƙwallon 'yan sakandare ne. Akwai dokar tarayya ta 1961, da gyaran da aka yi mata a 1966, wadda a aikace ta hana NFL nuna wasanninta daren Juma'a da ranar Asabar daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Disamba, don a kare wasannin sakandare da na jami'o'i. Dokar ba ta ɗaure jami'o'i ba. Big Ten ta fara wasannin Juma'a a 2017, masu horar da 'yan sakandare suka yi ta kuka, kuma tun 2024 Fox na da wasan jami'a na daren Juma'a a kai a kai. Waɗanda doka ta kare daga babba, su ne suka koma suna danne ƙarami.

Rukunin da dare ya cinye

Babu wanda ya ji jiki kamar Pac-12, rukunin yammacin Amurka mai tarihin sama da shekara 100. Saboda bambancin awa ukun nan, su kaɗai ne a manyan rukunai za su iya cike gurbi na huɗu. Wasan 7:30 na dare a Seattle ko Los Angeles shi ne 10:30 a New York. Tashoshi na son haka don babu mai gogayya da su a lokacin, har abin ya samu laƙabi, Pac-12 After Dark. Matsalar ita ce kusan rabin mutanen Amurka a agogon gabas suke, kuma kafin a je hutun rabin lokaci yawancinsu sun yi barci.

A 2015 wani ɗan wasan Stanford, Christian McCaffrey, ya karya tarihin da Barry Sanders ya kafa, amma ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon shekara. Mutane da dama sun ɗora laifin a kan cewa masu jefa ƙuri'a na gabas ba su ga wasanninsa ba. A 2017 kocin Washington, Chris Petersen, ya fito ya ba magoya bayansa haƙuri a kan yawan wasannin dare. Wani fitaccen mai sharhi na ESPN, Kirk Herbstreit, ya mayar masa da martani cewa godiya ya kamata su yi da ake nuna su. Wannan amsar ta nuna wa kowa wanda ke sama da wani.

Ba dare kaɗai ne ya rusa Pac-12 ba. Tashar da rukunin ya kafa da kansa ba ta shiga gidaje yadda aka zata ba, shugabanci ya yi rauni, kuɗin da suke samu ya yi ƙasa da na takwarorinsu. Amma kayan da a ƙarshen kasuwa kawai ake nemansu, ba mai shi ne ke yanka farashi ba. A ƙarshen Yunin 2022 USC da UCLA suka sanar da komawa Big Ten. A 2023, da aka kasa samun ciniki mai gamsarwa, tayin da ya rage na kamfanin Apple ne ta intanet, sai Oregon da Washington suka bi su. Colorado da Utah da Arizona da Arizona State suka nufi Big 12, Stanford da Cal suka tafi ACC. Jami'a biyu kacal aka bari, Oregon State da Washington State, su ne ke ƙoƙarin sake gina gidan da sababbin mambobi.

Shin gurbin tsakar daren ya mutu? Ko kaɗan. Rarraba shi aka yi. A Oktoban 2024 Rutgers, wadda ke New Jersey a bakin gabas, ta je Los Angeles ta buga da USC ranar Juma'a da ƙarfe 11 na dare agogon gidanta. A watan nan Miami ta buga da Cal da 10:30 na dare agogon gabas. Su kuma na yamma idan suka zo gabas aka sa su 12 na rana, a jikinsu ƙarfe 9 na safe ne. Waɗannan fa ɗalibai ne da ake cewa ranar Litinin su shiga aji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Duk mai zuwa gidan kallo ya san irin wannan, ko da bai taɓa ganin zari-ruga ba. Wasan 12:30 na ranar Asabar a gasar Firimiya ta Ingila na tashar da ta saye shi ne, kuma Jurgen Klopp ya sha yin faɗa a kai lokacin yana Liverpool, musamman idan sun buga wasan Turai daren Laraba. A Disambar 2017 an buga wasan Real Madrid da Barcelona da ƙarfe 1 na rana saboda masu kallo na nahiyar Asiya. Bambancin da aka samu a Jamus ne. Da aka kawo wasannin daren Litinin a Bundesliga, magoya baya suka haɗa kai, wasu suka ƙaurace wa fili, na Frankfurt suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili, har aka soke tsarin daga kakar 2021. Sun samu abin da suke so ne a lokacin da aka zo sabunta kwantiragi, ba a tsakiyarsa ba.

Ina mafita?

A ganina darasin na wurin SEC. Tun 1996 CBS ke nuna babban wasan rukunin na 3:30, a ƙarshe tana biyan wajen dala miliyan 55 a shekara. Daga 2024 ESPN da ABC suka karɓa, a cinikin shekara goma da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 300 a shekara. Da yake yanzu duk wasannin a hannun kamfani guda suke, babu kokawar zaɓe tsakanin tashoshi, sai aka samu damar sanar da gurbin wasanni tun kafin kaka ta fara: wannan na farkon rana ne, wannan na yamma, wannan na dare, wannan kuma ko yamma ko dare, za a tabbatar idan ya matso. Har yanzu tasha ce mai yanke magana. Amma mai tikiti ya san tun da wuri ko zai yi sammako ko ba zai yi ba.

Wato ana iya samun sauƙi, in dai an nema a lokacin da ya dace. Jami'a na iya cewa a rubuta ba za a sa ta 11 na safe fiye da sau kaza ba, ko ba wasan dare bayan rana kaza, ko a rage yawan jiran kwana shida. Sai dai kowane sharaɗi na rage farashi, kuma har yau ba a ga rukunin da ya yarda ya bar kuɗi masu kauri a kan tebur saboda barcin magoya bayansa ba. Yanzu ma abin ya ƙara wuya. Tun da kotu ta amince da wani sulhu a Yunin 2025, jami'o'i na iya biyan 'yan wasansu kai tsaye, har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko. 'Yan wasan sun cancanta, su ke karya ƙashi. Amma kuɗin daga wani wuri za su fito, kuma babu rijiyar da ta kai talabijin zurfi.

Saboda haka idan ka ji daraktan wasanni na wata babbar jami'a na kukan an sa su da rana, ko koci na ba da haƙuri an sa su tsakar dare, ka tambaya wa ya sa hannu a takardar. Shugabannin jami'o'in ne suka amince, kuma kason kowace jami'a na shiga asusunta duk shekara. Masu tikiti da ma'aikatan fili ba su zauna a teburin ba, ɗaliban da ke bugawa ma haka. Yarjejeniyar Big Ten za ta ƙare a ƙarshen kakar 2029 zuwa 2030, kuma tun kafin lokacin za a fara zaman sabon ciniki. Duk mai ƙorafin gaske a Ohio ko Michigan ko Los Angeles, wannan zaman ne ya kamata ya sa wa ido, don ba a fafe gora ranar tafiya.